Mutuncin Maigadi da na Manaja Ɗaya Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da masu ma'aikatu da manajoji, da duk wanda aka damƙa wa alhakin wani a wurin aiki, ko da mutum ɗaya ne tak a ƙarƙashinsa. Sana'armu ita ce kula da harkokin ma'aikata, tun daga ɗauka har zuwa sallama, kuma abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake auna darajar mutum da nauyin albashinsa. A yawancin ma'aikatu babu wanda ya zauna ya rubuta cewa a wulaƙanta mai shara ko direba. Tsarin aikin ne da kansa ke yin wulaƙancin kullum, kowa ya saba, har an daina gani. Tun da a tsari matsalar take, a tsarin za a gyara ta, domin nasihar baki kaɗai ba ta kai mako biyu kafin a koma gidan jiya.

Ba muna cewa a daidaita albashi ba ne. Muƙami yana da hurumi: shi ke raba wanda zai sa hannu a takardar kuɗi, da wanda zai yanke hukunci, da wanda za a tuhuma idan aiki ya lalace. Wanda ya ɗauki nauyi mai yawa ko ya yi dogon karatu, ya cancanci lada mai yawa. Iyakar hurumin ke nan. Yadda za a kira mutum, da ranar da haƙƙinsa zai shiga hannunsa, da kare lafiyarsa, da sauraronsa kafin a hukunta shi, da damar ya ce "akwai matsala" ba tare da fargaba ba, waɗannan muƙami ba shi da ta cewa a kansu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, ta ayyana a taronta na Filadelfiya a 1944 cewa ƙwadago ba hajar sayarwa ba ce. Lokacin ma'aikaci da ƙwarewarsa aka biya, mutuncinsa yana nan a hannunsa.

A duba safiyar aiki a kusan kowane ofis. Maigadi ya ja ƙofa ya ɗaga hannu, mota ta shige gilashi a rufe, ko kallo bai samu ba. Mai shara ta durƙusa tana goge farfajiya, wani ya bi ta kan inda ta goge da takalmi, ya juyo ya ce "ke, a kawo ruwa." Ta shekara da shekaru a wurin, amma cikin manyan ma'aikata da wuya ka sami biyu da suka san sunanta. Gyaran wannan ba ya cin ko sisi. Ranar da aka ɗauki sabon ma'aikaci, kowane irin aiki zai yi, shugaban sashensa ya zagaya da shi ofis-ofis ya gabatar da shi da sunansa da aikinsa. Sabon manaja ma a zagaya da shi har ɗakin masu gadi da wurin direbobi, shi ya je ya same su. A tambayi mutum sunan da yake so a kira shi da shi, a rubuta a katin shaidarsa. Jerin sunayen ma'aikata da ake maƙalawa a bango ko a tura ta waya ya ƙunshi kowa, har da waɗanda kamfanin kwangila ya kawo. Duk sanarwar da ta shafi kowa, kamar canjin lokacin aiki ko hutu, ta isa ga kowa rana ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne a tura ta imel, alhali leburori da masu shara ba su da imel ɗin ofis, sai su ji a bakin mutane bayan kwana uku, ko su zo aiki su tarar da ƙofa a kulle.

Maganar kuɗi ta fi wannan zafi. Idan kuɗi suka yi ƙaranci, ɗabi'ar da aka saba ita ce a biya manya tukuna, ƙanana su jira. Wannan juya lissafi ne. Mai babban albashi yana da ajiya, banki ma zai ba shi bashi. Mai ƙaramin albashi kuwa jinkirin mako ɗaya na iya kai shi ga mai ba da bashi da ruwa, ya shiga wata mai zuwa da rami. Ƙa'idar da muke ba da shawara ita ce rana ɗaya ga kowa, a rubuta ta a takardar ɗaukar aiki. In dole ta sa a biya kashi-kashi, a fara daga ƙasa a haura sama, kuma a sanar da mutane tun kafin ranar ta zo, a faɗi dalili da sabuwar rana. Kowa ya karɓi takardar albashi mai nuna ainihin albashinsa, da alawus, da kuɗin ƙarin lokaci, da duk abin da aka cire da dalilin cirewa. Yarjejeniyar kare albashi mai lamba 95 ta 1949, ɗaya daga cikin yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta tanadi a riƙa biya a kan kari, kuma kada a yanki albashi sai bisa sharaɗin da doka ko yarjejeniya ta yarda da shi, ma'aikaci ya san da shi. Duk da haka za ka ga an zaftare wa masinja kuɗin yini saboda ya makara da minti goma, darakta kuwa ya shigo da hantsi babu mai ce masa kanzil. In akwai rajistar zuwa aiki, kowa ya sa hannu. In babu wa manya, to a soke ta ga ƙanana. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito, cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, bai ware babban ma'aikaci da ƙarami ba.

Akwai wata kafa da ake zillewa ta cikinta, wato ma'aikatan kwangila. Ma'aikata takan ba wani kamfani aikin gadi ko shara, ta biya shi, sannan ta wanke hannunta. Kamfanin ya riƙe kuɗin wata biyu, ko ya biya rabi, in an yi magana a ce "ai ba ma'aikatanmu ba ne." Mutumin da ke kwana yana tsare dukiyarka, naka ne ko da wa ya rubuta masa takarda. A sa a cikin kwangilar mafi ƙarancin abin da zai shiga hannun kowane ma'aikaci da ranar biya, kuma kada a saki kuɗin sabon wata sai kamfanin ya kawo shaidar banki cewa ya biya na watan da ya wuce. Bayan haka a riƙa zaɓar mutum biyu ko uku a tambaye su a keɓe nawa suka karɓa, domin takarda takan faɗi abin da aljihu bai gani ba.

Sai kayan kariya da wurin zama. A ranar 1 ga Fabrairun 1968, a birnin Memfis na Amurka, wasu masu kwasar shara biyu, Echol Cole da Robert Walker, suka fake wa ruwan sama a bayan motar shara. Injin matse shara ya tashi da kansa saboda lalacewa, ya murƙushe su. Kwanaki kaɗan bayan haka ma'aikatan shara kimanin 1,300 suka shiga yajin aiki, kuma allunan da suka ɗaga ba su ɗauke da lissafin albashi, abin da aka rubuta shi ne kowannensu mutum ne. Wajen mara musu baya ne aka harbe Martin Luther King, jagoran fafutukar haƙƙin baƙar fata, a wannan birni ranar 4 ga Afrilu. Tsohuwar mota da rashin wurin fakewa su suka kashe mutanen nan biyu, kuma irin waɗannan abubuwa ne ake ɗage gyaransu saboda masu amfani da su ba su da murya.

Don haka a zagaya a duba da ido. Mai shara tana da safar hannu ta roba mai kauri da takunkumi? An koya mata cewa haɗa bilic da sinadarin wanke banɗaki mai asid, ko da mai amoniya, yana fitar da iska mai guba? Lebura yana da hular kwano da takalmin kariya daidai ƙafarsa? Takalmin da ya yi girma ajiye shi ake yi, a koma wa silifa. Maigadi yana da rumfa da kujera da tocila mai aiki, kuma akwai wanda zai karɓe shi ya ci abinci ko ya kewaya? Direban da ya kwana a hanya an ba shi hutu kafin a sake tura shi, kuma an tanadar masa masauki da abinci kamar wanda ya tuƙa? Yarjejeniya mai lamba 155 ta 1981 ta ce matakan kariya kada su ci kuɗin ma'aikaci, kuma wanda ya janye daga aiki saboda yana da dalilin ganin haɗari na kusa ga ransa, kada a hukunta shi. Tun 1919 aka tsayar da awa 8 a rana da 48 a mako ga masana'antu, a 1921 kuma aka tanadi hutun awa 24 a jere kowane mako. Mai gadin da ke yin awa 12 kwana bakwai babu hutu, in barci ya sace shi, jadawalin ne ya fara laifi. Banɗaki mai tsabta da ruwan sha kuwa ko tattaunawa ba sa buƙata. A wasu wuraren wadda ke wanke banɗakin ita ce aka hana shiga cikinsa, kuma wannan abin kunya ne ga duk wanda ya san da shi ya yi shiru.

Inda aka fi zubar da mutunci shi ne wurin ladabtarwa. Babban ma'aikaci in ya yi kuskure, a kira shi ofis a rufe ƙofa, a yi magana cikin lalama. Ƙarami kuwa a tsakar ma'aikata ake yi masa tsawa, gaban baƙi da abokan aiki, wani lokaci gaban waɗanda ya haifa. In wani abu ya ɓace, jakar mai shara ake fara zazzagewa kafin a tambayi kowa. Hanyar da ta dace ɗaya ce ga kowa. Gyara a keɓe ake yi, kuma a tsaya kan aikin: me ya faru, yaushe, me ya kamata a yi. Kada a taɓa asalin mutum, ko iyayensa, ko ƙarancin karatunsa. In laifin ya kai a rubuta, a ba shi takardar tuhuma mai faɗin laifin da ranar da ya faru, a karanta masa da harshen da yake ji in bai iya karatu ba. A ba shi aƙalla kwana biyu ya amsa, da baki ko a rubuce, kuma a bar shi ya zo da abokin aiki ko wakilin ƙungiya. Wanda ya kawo ƙara kada ya zama shi ne alƙali. Hukunci ya bi mataki: gargaɗin baki, gargaɗi a rubuce, gargaɗin ƙarshe, sannan sallama, sai dai babban laifi kamar sata da aka tabbatar ko duka. A kuma buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa ga wani na sama. Yarjejeniya mai lamba 158 ta 1982 ta ce kada a sallami ma'aikaci kan halinsa ko aikinsa kafin a ba shi damar kare kansa. In za a yi binciken jaka a ƙofa, a yi wa kowa ko a yi ta ƙuri'a, mace ta binciki mace, kuma motar manaja ma a buɗe bayanta.

Wani zai ce duk wannan tausayi ne, kuma kasuwa ba ta san tausayi ba. To a dubi abin da raini ke jawowa. Ƙaramin ma'aikaci shi ne ke kusa da aikin. Shi ke jin ƙarar injin ta canza, shi ke ganin waya ta fara ƙonewa, shi ke jin ƙorafin abokin ciniki tun yana ɗanye. In an saba gwale shi, zai koyi yin shiru, kuma shirunsa ne mafi tsadar abu a ma'aikata. A ranar 27 ga Maris 1977, jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife cikin hazo, mutum 583 suka mutu. A cikin ɗaya daga cikinsu, na kamfanin KLM, injiniyan jirgin ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin. Kyaftin ɗin, wanda babban mai horar da matuƙa ne a kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, aka ci gaba da gudu. Wannan haɗari yana cikin dalilan da suka sa kamfanonin jiragen sama suka shigo da horo na musamman, inda ake koya wa ƙarami yadda zai ƙalubalanci kyaftin, a koya wa kyaftin yadda zai saurara. A masana'antun Toyota akwai igiya a gefen layin haɗa mota, kowane ma'aikaci yana da ikon ja in ya ga aibi. Shugaban rukuni zai zo nan take, in ba a warware ba layin ya tsaya. Haka nan jerin matakai 19 na aikin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ya ƙunshi cewa kafin a sa wuƙa, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa. A gwajin da aka yi a asibitoci 8, mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Dukan matakan ne suka haɗu suka kawo wannan, amma hikimar faɗin suna a fili take: wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya, ya fi samun ƙarfin halin cewa "a dakata" in ya ga kuskure.

Ana iya kawo wannan cikin kowace ma'aikata. Kowane sashe ya riƙa zaman minti goma zuwa sha biyar a farkon mako, kowa a ciki. Mafi ƙanƙanta a muƙami ya fara magana, shugaba ya yi ta ƙarshe, domin da zarar oga ya faɗi ra'ayinsa sauran sai "haka ne, ranka ya daɗe." A rubuta abin da aka kawo a allo da sunan wanda zai gyara da ranar gamawa, mako mai zuwa a fara da karanta na baya. Akwatin shawara da ba a buɗewa ya fi rashinsa muni, saboda yana koya wa mutane cewa maganarsu iska ce. Ƙorafi kuma ya kasance yana da ƙofa biyu, don in mai kula da kai ne ke cutar da kai, ba za ka kai ƙararsa wurinsa ba. A shaida wa mai ƙorafi an karɓa cikin kwana uku, a ba shi amsa cikin mako biyu, sannan a sa ido wata uku a ga ko an canza masa wurin aiki ko an hana shi hutu don ramuwa. Yarjejeniya mai lamba 190 ta 2019, kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, ta haɗa da masu koyon aiki da masu neman aiki da duk mai aiki kowace irin takarda yake riƙe da ita.

Abin har lafiyar jiki yake taɓawa. Binciken Whitehall da aka fara a 1967 kan ma'aikatan gwamnatin Birtaniya kusan 18,000 ya gano cewa 'yan matakin ƙasa, irin su masinjoji da masu tsaron ƙofa, mutuwarsu ta ninka ta manyan jami'ai kusan sau uku. Shan taba da makamantansa sun bayyana wani ɓangare ne kawai na tazarar. Zagaye na biyu da aka fara a 1985, ƙarƙashin Michael Marmot, ya danganta rashin ikon mutum kan yadda zai tafiyar da aikinsa da ciwon zuciya. Saboda haka a bar wa mutum ɗan hurumi a aikinsa. Mai shara ta tsara ɗakin da za ta fara da shi, masu gadi su shirya musayar kwana a tsakaninsu, a fitar da jadawalin aiki mako biyu kafin lokaci, kuma a tambayi direba kafin a sayi taya.

Mun san abin da wasu shugabanni ke tsoro: in ka sake wa na ƙasa fuska zai raina ka. Mutuntawa ba ta hana tsare gida a kan aiki. Shugaban da ke gaisawa, yake biya a kan kari, yake hukunci da ƙa'ida ɗaya, shi ne in ya ce a yi ake yi ko ba ya nan. Mai tsawa kuwa ana yi masa aiki ne muddin idonsa na wurin. Anas bin Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba, kuma babu wanda aka yi wa biyayya kamarsa. Abin lura kuma, yawancin wulaƙanci ba daga darakta yake fitowa ba. Daga ƙananan shugabanni ne, wanda jiya-jiya aka ɗaga shi daga cikin 'yan'uwansa ba tare da an koya masa riƙon mutane ba, sai ya kwaikwayi abin da aka yi masa. Kafin a ba mutum ragamar wasu, a horar da shi yadda ake ba da umarni da yadda ake gyara kuskure, kuma wajen ƙarin girma a tambayi waɗanda ke ƙarƙashinsa a asirce. Mai kawo riba da yawa amma yana zagin mutane, in aka kyale shi, an sanar da kowa cewa dokar ta raunana ce kawai. Haka abokin cinikin da ya zagi mai karɓar baƙi, manaja ya fito ya tsaya mata. A kuma daina aiken ma'aikacin ofis hidimar gidan oga, sai in yana cikin aikin da aka ɗauke shi a kai kuma ana biyansa.

Mai ma'aikatar da ke son sanin gaskiyar halin da ake ciki, ya ware yini ɗaya duk wata uku ya buɗe takardu. Ya jera ranar da albashin kowane mataki ya shiga. Ya ƙirga takardun tuhuma da yankan albashi, ya ga kashi nawa ya faɗa kan 'yan ƙasa. Ya duba su wa suka sami hutun shekara da na rashin lafiya, su wa aka tura horo, kuma mutum nawa daga matakin ƙasa suka taɓa haurawa sama. Ya ga sashen da mutane suka fi barin aiki cikin wata shida na farko, domin yawanci akwai wani shugaba a bayan wannan adadi. Wanda zai tafi a zauna da shi, wani dabam ba ogansa ba, a tambaye shi dalili. Daga nan mai ma'aikatar ya tashi da ƙafarsa ya shiga banɗakin ƙananan ma'aikata, ya zauna a kujerar maigadi, ya sha ruwan da suke sha. Abin da ya tarar ya rubuta shi da ranar gyara da sunan wanda zai gyara, ya maƙala a inda kowa zai gani, har da waɗanda abin ya shafa.

Mun gode da wannan fili. Wassalam.

Naku,
Wasu jami'an kula da harkokin ma'aikata